Ɗaki Huɗu da Karin Kumallo: Nasiha ga Masu Son Buɗe Masauki a Yola da Jimeta

'Ya'yana, ina jin da yawa daga cikinku na maganar gyara gidan gado, ko wani sashe na gidan da iyaye suka gina a Karewa ko Bekaji, ya koma ƙaramin masauki: ɗaki uku ko huɗu, baƙo ya kwana, da safe a ba shi karin kumallo, ya biya ya kama gabansa. Wasunku a waya suka ga ana yin haka a Ingila, har suna ɗauka sabon abu ne. Shawara ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma ku sani sana'ar ta girme mu duka. Tun zamanin fatake akwai fatoma a kowane babban zango, mutumin da ke sauke baƙo a gidansa, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, in rigima ta taso ya tsaya masa. Abin da bafatake ke tambaya kafin ya sauke kaya shi ne, gidan wa aka sauka bara ba a rasa ko allura ba? Baƙon yau ma tambayarsa ke nan, ko da bai furta ba.

Ku fara da sanin wanda zai kwana a ɗakunan. Kada ku gina lissafi a kan masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne muna da Sukur, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, muna da duwatsun Song da tafkin Njuwa, amma waɗanda ke tasowa takanas don su ba su kai su riƙe gida ba. Baƙin Yola masu uzuri ne. Garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841 ya zama hedikwatar jihar Gongola a 1976, sannan ta Adamawa a 1991, don haka kullum akwai ma'aikacin da ya taso daga Ganye ko Michika da takarda a hannu yana neman sa hannun wani. Akwai iyayen ɗalibai da ke cika gari lokacin bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Amurka ta Nijeriya ko Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei. Akwai 'yan kasuwar da ke shigowa daga Garwa, da masu rakiyar alhazai filin jirgi, da 'yan biki. Tun ƙarshen 2014 kuma, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram jama'a suka kwararo Yola, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ba su daina zirga-zirga ba.

Waɗanda nake so ku fi dubawa su ne masu jinya. Mutum ya kawo mahaifiyarsa Asibitin Koyarwa da ke Yola, wanda a da ake kira FMC, ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta, an ce aiki sai mako mai zuwa. Ba shi da kuɗin babban otal, kuma ya gaji da kwana a barandar asibiti. Bukatarsa kaɗan ce: inda zai yi wanka, ya wanke kayan mara lafiya ya shanya, ya dafa ruwan zafi ya zuba a filas, ya sami mai Keke Napep da zai amsa waya ko da ƙarfe biyun dare ne. Ku yi masa farashin mako, ku ɗaura igiyar shanya a bayan gida, ku bar masa risho ko gas a wani lungu. Wannan mutumin in ya koma garinsu, duk wanda zai kawo mara lafiya daga unguwarsu gidanku zai nufa.

Sai wuta da ruwa, kuma a nan ne matasa suka fi yin tuntuɓe. Sai ka ga yaro ya ƙarar da jari a kan silin mai ado da fitilu masu launi da ƙatuwar talabijin, ya manta a Yola yake. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, bango ya yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita. Baƙon da fanka ta tsaya masa da tsakar dare, ya tashi jiƙe da gumi, sauro na kuka a kunnensa, ya buɗe famfo ya ji iska kawai, ba zai tuna kalar labulenku ba. Wutar YEDC in ta zo a gode Allah, amma ba a yi wa baƙo alkawari da ita. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ya zama abin da ke cinye ribar ɗaki kafin gari ya waye. Shawarata ita ce ku fara sa kuɗi a sola da batir masu kyau, waɗanda za su riƙe fanka da fitila da cajin waya har asuba a kowane ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki ku sa a ɗaya ko biyu, ku bambanta kuɗinsu, ku kuma faɗa wa baƙo tun a bakin ƙofa daga ƙarfe nawa zuwa nawa za ta yi aiki. Rijiyar burtsatse da tanki a sama su zo kafin fenti. In babu hali, ku yi yarjejeniya da mai ruwa guda tsayayye, kuma kada bokiti cike ya rabu da banɗaki.

Wanda zai kama haya ko ya sayi fili, ya je ya duba wurin a watan Agusta ko Satumba. Ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya kai a 2012 da 2022, shekarun da Binuwai ya yi ambaliya bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Sau da yawa alamar tana nan a jikin katanga.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. A ƙasarmu kalmar otal tana ɗauke da zargi, kun kuma san dalili. Ba za ku yi wata guda da buɗewa ba sai wani ya zo da rana tsaka, mota mai baƙin gilashi, ya ce awa biyu kawai yake so, zai biya kuɗin kwana. A ranar wataƙila ɗakunan duka babu kowa, ga albashin mai gadi ya gabato. Wani abokinku zai ce ai duk masu gidajen baƙi da wannan suke rayuwa. Ina roƙonku ku ce a'a, cikin ladabi, ba tare da tozarta kowa ba. Ban da haramcin abin, wanda Musulminmu da Kiristanmu duka sun sani, ku duba lissafin kasuwa. Jimeta ƙaramin gari ne a wajen labari. Masu Keke Napep na tashar Jambutu sun san abin da ake yi a kowane gida, kuma su baƙo ke tambaya in ya sauka daga mota. Ranar da aka san gidanku da wannan, malamar da ta zo taron bita daga Mubi ba za ta kwana ba, uba ba zai sauke 'yarsa da ta zo jarrabawa ba, maƙwabta za su daina amsa muku sallama da sakin fuska. Gida mai ɗaki huɗu ba zai iya ɗaukar iri biyun nan tare ba, tilas ku zaɓa, kuma zaɓin na ranar farko ne.

Abin da zai taimake ku tsayawa a kan haka shi ne tsari. Ku yi wa sunan sana'ar rajista a hukumar CAC, ku je ofishin haraji na jiha da na ƙaramar hukuma da ƙafarku ku ji abin da ke kanku, ku riƙa karɓar rasit. Ku kai gaisuwa wurin Jauro ko mai unguwa kafin ku kafa allo, ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ku ajiye littafin baƙi: suna, lambar waya, katin shaida, inda aka fito. Garin da ya ga tashin bam a kasuwa a 2015 ba ya wasa da wannan, baƙon kirki kuma ba ya jin haushin a tambaye shi.

Karin kumallo kuwa kada ku kwaikwayi na Turawa. Ku ba mutum abin da garin ya iya. Kunun gyaɗa mai kauri da ɗan tsami, ƙosai da aka kwashe daga mai yanzun nan, ko masa da miyar taushe, ga shayi da burodi da ƙwai ga mai so, ga kindirmo mai sanyi in ana zafi. Ba sai kun ɗauki kuku ba. A kowace unguwa akwai uwar da ta shekara ashirin tana suyar ƙosai, ku yi ciniki da ita, ita ma ta samu. Abin da ba a yafewa shi ne latti. Ku tambayi baƙo tun da dare ƙarfe nawa zai fita, ko yana da ciwon suga a rage masa zaƙi. Da azumi karin kumallo ya koma sahur, a ƙwanƙwasa ƙofa a kan lokaci, wanda ba ya azumi kuma a ba shi nasa da safe ba tare da an sa ya ji kunya ba. A ɗaki a ajiye buta da darduma da alamar alƙibla, ku kuma san cocin da ke kusa da lokacin sujadarsa, domin baƙon Numan ko Hong zai tambaya. Zanin gado fari ya fi, don ba ya ɓoye datti, a canza shi ko baƙo dare ɗaya ya yi. Wanda zai tari baƙo ya iya cewa jabbama da Fulatanci, ya iya sannu da zuwa, ya iya Turancin da zai wadatar. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ƙaramin masauki fuskar mai gida ake nema, ba a barin wa yaro gida a tafi yawo.

Maganar kuɗi ce ta ƙarshe. Ɗaki huɗu a wata kwana 120 ke nan, amma ku yi lissafinku a kan rabi, in rabin bai biya albashi da sabulu da gyaran famfo ba, ku sake tunani kafin ku ci bashi. Ku buɗe wa gidan asusun banki nasa daban, ku yanka wa kanku albashi. Ku yi hattara da mai cewa a rubuta, ofis zai biya in an saki kuɗi. Babban otal zai iya jiran wata shida, ku ba za ku iya ba. 'Yan'uwa ma za su zo, kawu daga ƙauye, abokin baba da ya zo ganin likita, kuma ba a karɓar kuɗi a hannun irinsu. Ku ware musu ɗaki a cikin gida tun farko, wanda ba ya cikin na haya. In babu, duk daren da ɗan'uwa ya kwana ku ciro kuɗin daga aljihunku ku zuba a asusun gidan, ku rubuta a littafi kamar na kowa.