Kafin Ka Sayi Inji: Abin Da Kamfanin Tumatir Na Ikara Ke Koya Mana

Duk wanda ya zauna ajin EED a makarantar nan ya san yadda tsarin kasuwancin da muke rubutawa yake tafiya. Shafin farko suna mai daɗi, shafi na biyu jerin injina da farashinsu, shafin ƙarshe kuma riba ce ke ta ninkuwa har shekara biyar. Da wuya ka ga wanda ya rubuta inda kayan da injin zai ci za su fito a watan Yuli, ko wanda zai biya kuɗi hannu ranar da aka gama sarrafawa. Ni ɗan yankin Ikara ne, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma a garinmu akwai ginin da ya isa ya amsa tambayar da yawancinmu za mu fuskanta bayan mun fita: me ya sa sana'a take farawa da ƙarfi, sannan ta tsaya cik a wuri ɗaya?

An kafa kamfanin sarrafa tumatir na Ikara a 1981, zamanin gwamnatin PRP a tsohuwar Jihar Kaduna, tun Katsina ba ta zama jiha ba. Tunanin mai kyau ne. Ga manoman rani a Ikara, Makarfi, Kudan, Kubau da Soba, ga tumatir yana ruɓewa a bakin hanya lokacin kakarsa, ga 'yan Najeriya ba sa miya sai da shi. An tsara kamfanin ya sarrafa tan 16,950 na tumatir, aka kuma ware masa hekta 700 na noma. Duk da haka ya shafe fiye da shekara ashirin a rufe. A 2014 gwamnatin jiha ta ba kamfanin Springfield Agro hayarsa, injina suka sake tashi, mutanen gari suka yi murna. Ba a daɗe ba jaridu suka sake kawo labarin tsayawar aiki, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne rashin isasshen tumatir. Kamfanin tumatir, a tsakiyar ƙasar tumatir, ya rasa tumatir. To, yaya aka yi?

Mu ɗauko kalkuleta. Idan ka raba 16,950 da 700, kowace hekta sai ta ba da tan 24 da ɗoriya kafin injin ya ƙoshi daga gonarsa. Ƙaramin manomi a ƙasar nan kuwa ba kasafai yake wuce tan 10 a hekta ba. A kan tan 10, hekta 700 tan 7,000 za ta bayar, ko rabin abin da ake buƙata bai kai ba. A Kalifoniya ta Amurka, inda ake noman tumatirin gwangwani da gaske, hekta ɗaya tana ba da sama da tan 100, shi ya sa manomin can yake iya sayarwa da araha kuma ya ci riba. Sannan ka tuna tumatir kusan duk ruwa ne. Sai an dafe kilo 6 zuwa 7 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na markaɗaɗɗe mai kauri, kuma irin namu mai ruwa-ruwa ya fi mai tauri, wanda manoma ke kira UTC, cin kilo. Ka ga ke nan duk naira ɗaya da ta ƙaru a kan kilon ɗanye, naira shida ce ko bakwai a kan kilon abin da kamfani zai sayar.

Nan ne rigimar take. Kamfani ba zai iya sayen tumatir da tsada ba, domin na ƙasar Sin da ake shigowa da shi a durom yana jiran sa a kasuwa. Manomi kuma ba shi da dalilin sayarwa da araha ranar da dillali ya tsayar da mota zai loda kwanduna zuwa Mile 12 a Legas da farashi mai tsoka. Daga Janairu zuwa wajen Afrilu, lokacin da kaya suka yi yawa, kowa yana neman kamfani. Da zafi ya shigo, kaya suka ja baya, kwando ya yi tsada, ko an yi alkawari a gaban mai unguwa manomi zai bi inda kuɗi yake. Ni ban ga laifinsa ba, wallahi. Shi ma bashin taki da na man injin ban-ruwa ke wuyansa. Sai dai injin da ya yi aikin wata uku ko huɗu, albashin maigadi da na injiniya da kuɗin gyara da ruwan bashin banki na wata goma sha biyu ne ke kansa.

A kan wannan sai ga tsutsar Tuta absoluta, wadda manomanmu ke kira Sharon. A watan Mayun 2016 gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta ce tsutsar ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin da ta faɗa wa. A shekarar ce kamfanin Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano ya fara aiki, mai iya cin tan 1,200 a rana, wato tirela 40 masu ɗaukar tan 30 kullum. Shi ma bai yi nisa ba ya dakata saboda ƙarancin kaya. Wannan misalin nake so masu cewa "jari kawai nake nema" su riƙe, domin babu wanda zai ce jari ne ya gagari Dangote. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100, ta ƙara dala 1,500 a kan kowane tan. Matakin ya rage wa kamfanonin gida zafin gasa, amma haraji ba ya ƙara ko kwando ɗaya a gona.

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a lambu ya san ruwan da zai isa fangali na ƙarshe bai wuce abin da mafi tsukewar wuri a hanyar ruwan ya bari ya wuce ba. Ko ka sayi babban famfo, in ba ka buɗe wurin nan ba, ruwan ambaliya zai yi a baya. Haka sana'a take. Tana da maƙura guda ɗaya a kowane lokaci, kuma duk kuɗin da ka zuba a wani wuri daban ado ne kawai. Maƙurar Ikara da Kadawa ita ce gona. Hanyar gano taka kuwa tambaya ɗaya ce: idan gobe masu saye suka ninka abin da suke nema sau biyu, mene ne zai fara gazawa?

Wani zai ce wannan ai maganar manyan kamfanoni ce. To mu sauko ƙasa, mu je Makarfi, garin rake. A can ana matse rake, a dafa ruwan a manyan tukwane har ya yi kauri, a zuba ya daskare ya zama mazarƙwaila. Mu ɗauka wata ɗaliba tana da jarin naira 300,000, tana saro mazarƙwaila, ta ƙulla a leda mai tsabta da suna a jiki, ta rarraba wa shaguna a Samaru da Sabon Gari. Lissafin misali ne, kowa ya sa nasa. Idan tana cin ribar kashi 20 amma masu shago sai bayan wata ɗaya suke biya, ribarta a wata 60,000 ce. Idan ta rage ribar zuwa kashi 10 ga wanda zai biya nan take, kuɗin suka riƙa juyawa duk kwana goma, ribarta a wata 90,000 ce, da jarin nan dai guda. Irin wannan ɗalibar za ta riƙa cewa ciniki na tafiya amma kuɗi ba sa taruwa, ta fara neman rance. Rance kuwa zai ƙara yawan kayan da ke kwance a shagunan mutane ne. Maƙurarta "kawo, in an sayar zan ba ki" ce, kuma maganinta yana cikin littafin bashi: waye ya karɓa, ranar nawa, yaushe ya biya. Wanda ya saba wuce kwana goma sha huɗu, a daina ba shi sai da kuɗi, ko da ɗan uwan babanki ne. Na san faɗar wannan ta fi yin ta sauƙi.

A Kudan, wajen Hunkuyi, inda noman inabi ya yi suna, matsalar ta juya. Kayan suna nan, masu kyau kuma, amma inabi ba ya jira. In ya nuna babu mai saye a tsaye, dillali ne zai yanka farashi. Mai son shiga wannan harkar, lambar wayar masu sayar da kayan marmari a Kaduna da Abuja da motar da za ta tashi da asuba sun fi masa sabuwar gona amfani.

Mu koma kan kaya, tunda nan ne yawancin masu sha'awar sarrafa amfanin gona za su maƙale. Akwai kamfanin Tomato Jos da ke Kangimi kusa da Kaduna, wanda Mira Mehta ta kafa a 2014. Abin lura a tarihinsa shi ne jerin yadda aka yi abubuwa. Shekaru aka ɗauka ana noma, ana gwada iri, ana aiki da ƙananan manoma don amfanin hekta ya ƙaru, da damina kuma a shuka masara don ƙasa da ma'aikata kada su zauna banza. Sai wajen 2022 tumatirin leda na kamfanin ya shiga kasuwa. Kusan shekara takwas kamfanin tumatir bai sayar da ledar tumatir ba. A ajin EED da an ba shi maki kaɗan, amma gona ce ta riga inji zuwa.

Kai da ba ka da masu zuba jari daga waje, ga yadda za ka yi naka daidai ƙarfinka. Fara da manoma biyar da ka san gonakinsu, kada ka fara da hamsin. Kada ka ƙulla farashi ɗaya tun ranar shuka, domin ranar da kasuwa ta haura shi alkawarin ya mutu. Ku yarda cewa za ka biya farashin kasuwar ranar, da sharaɗin in ta faɗi ƙasa da wani adadi kai ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Manomi ya fi tsoron ranar da kwando bai biya kuɗin motarsa ba, kuma wanda ya tsaya masa a ranar shi zai tuna. Ka biya a bakin gona, kada ka ce sai Juma'a. Sannan ka zaɓi sarrafawar da ba ta buƙatar inji mai cin kuɗi yana zaune. Busar da tumatir ya zama kauɗa a kan raga ko tamfol mai tsabta, nesa da ƙasa da ƙurar titi, ya dace da kakar Fabrairu da Maris, kuma kauɗa tana jira har lokacin da ɗanye ya yi tsada. In aikin ya kai ga niƙa ko matsa, biya mai inji kuɗin aiki. Ranar da ka ga layin da kake bi a wurin mai inji shi ke hana ka cika oda, mako bayan mako, to ranar ce inji ya zama maƙura, kuma lissafin sayensa zai fito da kansa daga littafinka.

Wani lokacin kuma maƙurar mai sana'ar ce da kansa. Shi ne mai saro kaya, shi ne mai ƙullawa, shi ne mai kaiwa, shi ne mai karɓar kuɗi. Makon jarrabawa sana'a ta tafi hutu. Ga kuma aljihu ɗaya: kuɗin cefane, gudummawar biki, kuɗin makaranta, duk daga uwar kuɗi. Buɗe asusu daban, ko na OPay ko Moniepoint ne, ka yanka wa kanka albashi komai ƙanƙantarsa, in 'yan uwa sun zo a ba su daga albashin. Ka koya wa ƙane ko ƙanwa aiki ɗaya, ka rubuta masa yadda ake yi a takarda, ka bar shi ya yi ko da bai kai naka kyau ba a farko.

Rajistar suna a CAC da lambar NAFDAC suna da ranarsu. Manyan kantuna ba za su ɗora abincin leda a kanta babu lambar NAFDAC ba, kuma Bankin Masana'antu da SMEDAN za su tambayi takardu da bayanan shige da ficen kuɗi. In kantunan ne ko rancen ne suka tare maka hanya, tafi ka yi. In har yanzu shaguna goma na unguwa ba ka iya cika musu kaya ba, kuɗin ya fi amfani a wurin manomi.

Ga 'yan ajinmu da ba su tsayar da batun bincikensu na kammalawa ba, da 'yan shekarar farko masu shirin fita SIWES, ga aikin da zai ci kuɗin mota kawai. Zaɓi kaya ɗaya, tumatir ko rake ko inabi. Je ka Ikara, ko Tashar Yari, ko Hunkuyi, ka zauna da manoma uku da dillalai biyu. Ja layi goma sha biyu a takarda, Janairu zuwa Disamba, a kowane wata ka rubuta ko kayan suna samuwa, nawa ne kwando ko dami, waye ke saye, kuma kwana nawa yake ɗauka kafin ya biya. Ka tambayi kowannensu shi kaɗai, domin a gaban dillali manomi ba zai faɗa maka farashin gaskiya ba. Watannin da layinsu ya fito babu komai, ka zagaye su da jan biro, ka rubuta a gefe abin da sana'ar za ta ci a cikinsu da kuma wanda zai biya albashi.