Kafin Ka Biya Kuɗin IELTS: Yadda Za Ka Tsara Kasafinka, Da Abin Da Wayarka Za Ta Rage Maka

Duk wanda ke neman gurbin karatu a waje, ko aikin jinya a Birtaniya, ko takardar zama a Kanada, ba ya nisa sai an tambaye shi shaidar iya Turanci. Tambayar farko da matasa ke yi ita ce: nawa ne kuɗin jarrabawar? Tambaya ce mai kyau, amma ba ita kaɗai ba ce. Kuɗin rajista kashi ɗaya ne cikin abin da za ka kashe, kuma abin da ya fi cinye aljihu shi ne zama jarrabawar sau biyu. Don haka darasinmu na yau a kan tsari ne: me za ka fara biya, me za ka jinkirta, me kuma ba sai ka biya ba sam.

Mataki na farko ba ya cin ko kobo

Kafin komai, shiga shafin intanet na makarantar ko hukumar da kake nema, ka karanta sharuɗɗanta na Turanci da idonka. Kada ka dogara da abin da aka turo a zauren WhatsApp. Jami'o'i da dama a Birtaniya suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC, galibi daga C6 zuwa sama, a madadin IELTS. Wasu na sa sharaɗin kada sakamakon ya tsufa da yawa. Wasu jami'o'in kuma na karɓar wasiƙa daga jami'ar da ka gama, mai tabbatar da cewa da Turanci aka koyar da kai. Imel ɗaya zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai na iya raba ka da kashe dubban ɗaruruwa.

Idan ta tabbata sai ka zauna, to ka san wace iri ce. IELTS, wadda British Council da IDP da Cambridge suka mallaka tare, iri biyu ce: Academic ta masu neman karatun jami'a da rajistar wasu sana'o'i, sai General Training wadda ake nema a harkar ƙaura, kamar tsarin Express Entry na Kanada. Akwai kuma wadda ake kira IELTS for UKVI, da wasu nau'o'in bizar Birtaniya ke buƙata, kuma ta ɗan fi tsada. Wanda ya biya wadda ba ita ake nema ba ya yi asara, ko da ya ci maki tara.

Ka kuma rubuta makin da ake nema a takarda. Ana ba da makin IELTS daga 0 zuwa 9 a kowane ɓangare huɗu: saurare, karatu, rubutu da magana. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, NMC, na neman 7 a saurare da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Express Entry kuwa, ga ƙwararrun ma'aikata, mafi ƙarancin matakinsa ya yi daidai da 6 a kowane ɓangare. Tazarar 6 da 7 a takarda lamba ɗaya ce, a aikace kuwa watanni ne.

Ba IELTS kaɗai ce a kasuwa ba. Akwai TOEFL ta hukumar ETS ta Amurka, akwai PTE ta kamfanin Pearson, sannan akwai Duolingo English Test wadda kuɗinta bai kai dala 100 ba, ana yin ta a gida cikin kusan awa ɗaya, sakamako ya fito cikin kwana biyu. Arha ce ƙwarai, amma sai inda ake karɓarta, kuma ba ta cikin jarrabawar da hukumar bizar Birtaniya ta amince da su. Sannan ga abin da ya shafe mu: ba a zama ta da waya kaɗai. Dole sai kwamfuta mai kyamara, da intanet da ba ya yankewa, da ɗakin da babu mai shigowa. A gidan da yara ke leƙowa kowane minti biyar, wannan sharaɗi na ƙarshe ma kuɗi ne.

Kuɗaɗen da ba a rubuta a shafin rajista ba

Kuɗin waɗannan jarrabawa na bin kuɗin waje. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, kuɗin IELTS a Najeriya ya tashi ba sau ɗaya ba, har ya haura naira dubu 200. Saboda haka duk farashin da abokinka ya faɗa maka na bara, ka ɗauke shi tarihi. Ka duba shafin British Council ko IDP a ranar da kake lissafi. Amfanin IELTS a nan shi ne ana biya da naira. TOEFL da Duolingo da dala ake sa farashinsu, wato sai ka ƙara da ladan canji da cajin katin da za ka yi amfani da shi.

Na biyu shi ne fasfo. Da shi za ka yi rajista, kuma shi za ka nuna a ƙofar ɗakin jarrabawa. Daga 1 ga Satumbar 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Idan ba ka da shi, ko naka ya kusa ƙarewa, shi ne farkon abin da za ka biya, don yana ɗaukar lokaci kafin ya fito.

Na uku tafiya. Cibiyoyin jarrabawar a manyan birane suke, irin su Abuja da Kano da Legas. Wanda ke Gusau ko Gombe ko Birnin Kebbi sai ya sa kuɗin mota zuwa da dawowa, da kwanan otal ko na gidan ɗan'uwa, da abinci. Ba na ba kowa shawarar ya kama hanya da asuba ranar jarrabawa. Taya ɗaya ta fashe, kuɗin rajista ya tafi. Ka lura kuma cewa ɓangaren magana, wanda minti 11 zuwa 14 ne gaba da gaba da mai jarrabawa, ana iya sa shi a wata ranar dabam, kwanaki kafin sauran ko bayansu. Lokacin rajista ka zaɓi rana ɗaya idan an ba ka dama, don kada kwana ɗaya ya zama uku.

Mu yi lissafi na misali; ban da kuɗin fasfo, sauran alƙaluman na ƙaddara su ne kawai, kai za ka sa na gaskiya. A ce rajista 300,000 ce, fasfo 100,000, tafiya da masauki 40,000, data ta wata uku 30,000, ƙananan kayan aiki 15,000. Jimla 485,000. Idan a wata shida za ka tara, kusan 81,000 ke nan duk wata, wanda ya fi mafi ƙarancin albashi na 70,000. Yanzu a ce makin bai kai ba: sai ka sake fitar da 340,000 na rajista da tafiya. Wannan lamba ta ƙarshe ita ya kamata ta tsaya maka a rai, domin ita ce dalilin duk abin da zan faɗa a ƙasa.

Kada ka biya rajista don ta tilasta maka karatu

Akwai masu cewa ka biya tukuna, tsoron asara zai sa ka dage. Ban yarda da wannan ba. Ka fara auna kanka kyauta. Shafin IELTS na hukuma da na British Council suna da samfurin tambayoyi da amsoshinsu. Ka ware safiya guda, ka kashe sanarwar waya, ka sa agogo: saurare kusan minti 30, karatu awa ɗaya, rubutu awa ɗaya. Sautin sau ɗaya ake kunna shi a jarrabawa, kai ma kada ka maimaita. Saurare da karatu kowanne tambaya 40 ne. A ma'aunin da aka saba, samun kusan 23 a saurare shi ne maki 6, kusan 30 kuma maki 7. Haka yake a karatun Academic.

Idan kana neman 7 ka samu 28, makonni kaɗan na sanin salon tambayoyi za su iya isarka. Idan 18 ka samu, matsalar ba ta dabarar jarrabawa ba ce, Turancin ne kansa ke son gini, kuma babu wani darasin mako biyu da zai gyara wannan komai tsadarsa. Cambridge na ƙiyasta cewa hawa daga wani matakin iya harshe zuwa na gaba na cin kimanin awa 200 na koyo. Awa ɗaya a rana, wata shida da ɗoriya ke nan. Gara ka san haka kuɗinka na aljihunka.

Akasin gaggawar ma na nan. Sakamakon shekara biyu yake aiki. Ɗalibin da ya zauna yana aji uku a jami'a, kafin ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya fara neman gurbi, takardar ta mutu. Ka ƙirga baya daga ranar rufe neman gurbin da kake so, ka bar tazarar wata biyu ko uku saboda ko-ta-kwana.

Abin da waya za ta yi maka, da inda ta gaza

Mafi yawan shirin nan waya za ta ɗauke shi. Shirin 6 Minute English na BBC Learning English kyauta ne, kuma yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa, sai ka saurara sannan ka duba inda kunnenka ya kuskure. British Council na da dandalin IELTS Ready mai darussa kyauta, wanda ya yi rajistar jarrabawa da su kuma ana buɗe masa cikakken. Manhajar naɗar murya da ta zo da wayarka ta isa gwajin magana: ka ɗauki batu, ka yi tunani minti ɗaya, ka yi magana minti biyu ba tsayawa, kamar yadda ake yi a kashi na biyu na ɓangaren magana, sannan ka saurari kanka. Ba daɗi a karon farko. Amma a nan za ka ji inda harshenmu ke musanya p da f, da inda kake cika cewa “eh” kana neman kalma. Ba a neman ka koma Bature a lafazi. A fahimce ka ba tare da wahala ba shi ne ma'auni.

Wajen data, sauti ya fi bidiyo arha nesa ba kusa ba. Awa guda ta sauti mai inganci na yau da kullum ba ta kai megabait 60 ba, alhali bidiyo mai kaifin hoto na iya cin gigabait guda a awa. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan bambanci ya zama abin lura. Darasin malami yana magana gaban allo ba ya buƙatar kaifin hoto. Ka sauko da shi zuwa 360p a YouTube, ko ka sauke darussan mako guda da datar dare.

Inda waya ke yaudarar mutane shi ne rubutu. Jarrabawar yanzu ta karkata ga kwamfuta, kuma za ka rubuta aƙalla kalma 150 a aiki na farko da 250 a na biyu, duka cikin awa ɗaya, na biyun kuma makinsa ninki biyu ne. Mu kuwa mun saba da babban yatsa da kibod ɗin waya mai gyara mana kuskure tun kafin mu gani. A ɗakin jarrabawa babu mai gyara maka harafi, babu mai hasko maka kalma ta gaba. Mutum na iya Turanci sarai, amma ya ƙare rabin lokacinsa yana laluben haruffa. Maganin ba sai ka sayi laftof ba: kibod na kwamfuta mai USB da ƙaramar mahaɗar OTG sun isa, yawancin wayoyin Android na karɓarsu, ko kuma kibod mai Bluetooth. Ka shiga saiti ka kashe gyaran kalma da hasashenta, ka riƙa rubuta maƙala ɗaya a rana da agogo. A ganina, a duk kasafin nan babu kuɗin da ya fi wannan amfani. Sau biyu ko uku kafin ranar, ka biya awa uku a shagon kafe ka yi cikakken gwaji a babban allo.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT na iya nuna maka kuskuren nahawu da kalmomin da kake yawan maimaitawa. Amma makin da suke ba ka kada ka gina kasafi a kansa, yau su ce 7 gobe su ce 6 a maƙala ɗaya. Idan har za ka biya wani, to ka biya ƙwararren malami ya duba maka maƙala huɗu ko biyar da ma'aunin da IELTS ta wallafa: amsa tambayar, tsarin zance, yalwar kalmomi, da nahawu. Wannan ya fi biyan ajin wata uku da mutum hamsin a ciki. Masu tallar “takardar sakamako ba tare da zama ba” a Telegram da Facebook kuwa, damfara ce zalla. Makarantu na tantance lambar takardar kai tsaye a rumbun IELTS.

Idan makin bai kai ba

Ka bar wani abu a gefe tun farko, domin akwai hanyoyi biyu da ba su kai sabuwar rajista tsada ba. Wanda ya zauna a kwamfuta, a cibiyar da ke da tsarin One Skill Retake, na iya maimaita ɓangare ɗaya kaɗai cikin kwana 60 daga ranar jarrabawar farko. Sai dai ka tabbatar inda kake nema suna karɓar irin wannan sakamako kafin ka biya. Ta biyu ita ce neman a sake duba maka maki, cikin mako shida daga ranar jarrabawa. Ana biyan kuɗi, idan makin ya ƙaru a mayar maka. Wannan ta fi ma'ana a rubutu da magana, inda mutum ne ke yanke hukunci. A saurare da karatu amsa ko daidai ce ko ba daidai ba, da wuya wani abu ya sauya. Idan rabin maki ne ya rage maka a rubutu, kuma sauran ɓangarorin ukun sun kai 7 ko sun wuce, ka kwatanta kuɗin hanyoyin biyu da ranar rufe gurbinka, domin sake dubawa na iya ɗaukar har mako uku.