Darasi na Goma Sha Biyu: Kare Wayoyin Lantarki Daga Ɓarayi

Ɗalibai, ku karanta wannan bayani a tsanake, sannan ku amsa tambayoyin da ke biye.

Kun taɓa wayar gari kuka tarar unguwarku babu wuta, alhali maƙwabtanku suna da ita? Sau da yawa ba lalacewa ba ce, ɓarayi ne suka yi ɓarna cikin dare.

Wutar da kuke amfani da ita tana yin doguwar tafiya daga tashoshi irin su Kainji da Jebba da Shiroro kafin ta iso taransifomar unguwa. A nan ake rage ƙarfinta daga bolt 11,000 zuwa wanda ya dace da gidaje. Yawancin wayoyin da kuke gani a kan falwaya na alminiyam ne. Amma a cikin taransifoma, da kebul ɗin da ake binnewa a ƙasa, akwai jan ƙarfe. Wuta tana ratsa jan ƙarfe cikin sauƙi, kuma yana da tsada a kasuwar 'yan gwangwan. Shi ya sa ɓarayi suke farautarsa.

Ɓarawon waya yakan jira a ɗauke wuta. Sai ya haƙa ƙasa, ya datse kebul, ya ƙone robar da ke jikinsa, ya sayar da jan ƙarfen bisa nauyi. Abin da yake samu kaɗan ne, amma asarar jama'a babba ce. Magani yakan lalace a asibiti, famfon burtsatse ya tsaya, tela da mai walda su rasa abin yi. Wani lokaci ma ana dawo da wuta ɓarawon yana cikin aiki, nan take ya rasa ransa.

To, yaya za ku gane an taɓa waya? Ku lura da sabon rami kusa da taransifoma, ko kwaɗon da aka fasa, ko mai da ya zuba a ƙasa. Baƙin hayaƙi mai warin roba daga kango ko bayan gari shi ma alama ce. Haka kuma, ku yi hattara da masu hawa falwaya da tsakar dare ba tare da katin shaida ba.

Hausawa suna cewa, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Saboda haka ya kamata a kewaye taransifoma da shinge, a sa mata fitila mai aiki da hasken rana, a rufe ramin kebul da kankare. 'Yan sintirin unguwa su riƙa zagayawa, musamman idan babu wuta. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kuma su tambayi asalin kaya kafin su saya, domin Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci ga ɓarawo da mai karɓar kayan sata.

Ku ma kuna da aikin yi. Idan kun ga abin da ba ku yarda da shi ba, kada ku taɓa waya, kada ku tunkari kowa. Ku sanar da iyayenku ko mai unguwa, su kai rahoto ga kamfanin rarraba wuta, ko 'yan sanda, ko jami'an Sibil Difens. Wanda aka kama, hukuma za a miƙa wa shi, ba a ɗaukar doka a hannu.

Sababbin Kalmomi

Falwaya: dogon turke mai ɗauke da wayoyin wuta.
Datse: yanke abu gaba ɗaya.
'Yan gwangwan: masu saye da sayar da tsofaffin ƙarafa.
Sintiri: zagayawa domin tsaro.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɓarayi suke neman jan ƙarfe?
2. Kawo alamomi uku na satar waya.
3. Mene ne ma'anar karin maganar da ke cikin darasin?
4. Wa za ku sanar idan kun ga ɓarna?

Aiki

Rubuta wa mai unguwarku gajeriyar wasiƙa, ka ba shi shawarwari biyu na kare taransifomarku.