Darasi Na Tara: Suna Da Adireshi A Haɗakar Kwamfutoci

9.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan yadda kwamfutocin da ke haɗe a wuri guda suke gano shafukan da aka ajiye a uwar garke, wato kwamfutar da ke adana bayanai tana rarraba wa sauran. Ana fatan ɗalibi zai bambance suna da adireshi, sannan ya naƙalci kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fanni.

9.2 Yanki Da Reshen Yanki

Kowace kwamfuta da ke cikin haɗaka tana da adireshi na lambobi, wanda ake kira IP. Da yake lambobi suna da wuyar riƙewa, Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS a shekarar 1983, domin ya riƙa mayar da suna zuwa lamba. Sunan yanki shi ne kamar buk.edu.ng na Jami'ar Bayero, inda ng ke nuna Nijeriya, edu kuma ke nuna ilimi. Duk kalmar da aka ƙara a farkon wannan suna ta zama reshen yanki.

Ana iya kwatanta wannan da gidan gandu a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai. Zaure ɗaya ne, amma a ciki akwai sassa da dama, kowane da mai shi. Gidan shi ne yanki, sassan kuwa su ne rassa.

9.3 Tushen Matsala

A ƙaddara wata makaranta a wannan yanki tana da ɗakin kwamfuta, amma ba ta da intanet. An ajiye littattafai da jarrabawar gwaji a uwar garke, a ƙarƙashin sunaye biyu: laburare.makaranta.internal da jarrabawa.makaranta.internal. Idan aka buga sunayen a kan ita uwar garken, shafukan suna buɗewa, amma a kwamfutocin ɗalibai sai su ƙi. Ranar jarrabawa kuwa, wannan na iya hana aji guda zama.

Dalili shi ne, an rubuta sunayen a fayil ɗin hosts na uwar garke kaɗai, an kuma jingina su ga lambar 127.0.0.1. Wannan lamba tamkar kalmar "ni" ce a nahawu: duk wanda ya furta ta, kansa yake nufi. Saboda haka ko da an kwafe wannan layi zuwa kwamfutar ɗalibi, cikinta za ta duba, ba uwar garke ba.

Buga lambar uwar garke kai tsaye ma bai wadatar ba. Manhaja irin Apache tana duba sunan da burauza ta aiko ne kafin ta zaɓi shafi. Wanda ya zo da lamba kaɗai kamar baƙo ne da ya yi sallama a zaure bai faɗi wurin wa ya zo ba. Sashen farko za a nuna masa.

9.4 Hanyoyin Warwarewa

Da farko, a ba uwar garke adireshi tsayayye daga jerin da aka keɓe domin amfanin cikin gida, misali 192.168.1.10. In ba haka ba, na'urar da ke rarraba adireshi tana iya sauya mata lamba bayan ɗaukewar wuta. Daga nan sai a bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu:

(a) A rubuta kowane suna tare da wannan adireshi a fayil ɗin hosts na kowace kwamfuta. Hanyar tana da sauƙi idan kwamfutocin ba su da yawa, sai dai duk reshen da aka ƙara, dole a sake zagaya su ɗaya bayan ɗaya.

(b) A kafa ƙaramin DNS na cikin gida da manhaja irin dnsmasq, a umarci dukkan na'urori su riƙa tambayarsa. Shi ne mai unguwa, wanda ya san kowane gida. Wannan ta fi dacewa da wayoyin hannu, waɗanda gyara fayil ɗinsu ke da wuya.

A ƙarshe, a tabbatar katangar tsaro ta buɗe ƙofa ta 80, wadda shafuka ke bi. Ya kamata kuma a zaɓi ƙarshen suna da ba zai ci karo da na intanet ba, kamar internal, wanda hukumar ICANN ta keɓe domin haka a shekarar 2024.

9.5 Kammalawa

An ga cewa suna ba ya amfani sai an sanar da masu kiransa. Bahaushe ba ya raɗa wa jariri suna a ɗaka ya yi shiru; sai an tara jama'a an yi shela.

9.6 Auna Fahimta

1. Bambance yanki da reshen yanki, tare da misalai biyu.
2. Me ya sa aka kwatanta 127.0.0.1 da wakilin suna "ni"?
3. Tantance ararrun kalmomi da ƙirƙirarru daga cikin waɗannan: kwamfuta, uwar garke, burauza, katangar tsaro, fayil.