Zuwa Ga Yaran Bakin Komadugu, Kan Batun Tatsuniya

Ya ku 'ya'yana na Diffa da Bosso da Geskeru da Maine-Soroa, 

Na san wasunku sun fara ganin sun girmi tatsuniya, wayar hannu ta karɓe wurin kaka. Ina roƙonku kada ku yar da ita tukuna, domin tana yi muku tambayar da lakwal ba ta cika yi ba. Wane ne yaron kirki, wanda ya zama kamar kowa, ko wanda ya yi aiki da kan da Allah ya ba shi?

Ku ɗauki tatsuniyar ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya raɗa wa littafinsa na 1934. An saba ce mana darasinta biyayya ne. 'Yar bora aka kora wanki, ta yi tafiya mai nisa, ta iske gidan da cinya da kare suke zaune, ta yi sallama, ba ta yi dariya ba, ta komo da dukiya. Tana da ladabi, babu musu. Amma ku dubi 'yar mowa da kyau. Ita ce mai kwaikwayo. Uwarta ta ga abin da ɗiyar kishiya ta samo, ta tura ta ta bi sawu, ba da wani dalili ba sai don wance ma ta je. Da ta ga abin da bai yi kama da na gidansu ba, ta raina shi, ta kuma dawo da abin kunya. A ganina wadda ta tsira ita ce wadda zuciyarta ta iya ɗaukar baƙon abu, ta tsaya ta saurare shi.

Ga kuma Ɗan Auta, wanda ya ƙone rumbun gidansu, ya jawo wa yayarsa gudun tsira daga gari zuwa gari. Ba a cewa a yi koyi da ɓarnarsa. Sai dai daren da Dodo ya shigo gari kowa ya kulle ƙofa, wannan yaron da bai san shiru ba shi ya amsa wa Dodo, shi ya kashe shi. Kakanninmu sun san gari na buƙatar irinsa, shi ya sa ba su kore shi daga tatsuniya ba.

Turawa ma suna wannan jayayya a littattafan yaransu. Pinocchio na Carlo Collodi, wanda ya fito a Italiya a 1883, ɗan itace ne da bai zama mutum ba sai da ya bar taurin kai ya kama aiki. A 1962 kuma Ba'amurkiya Madeleine L'Engle ta zana wata duniya, Camazotz, inda yara duka ke buga ƙwallo lokaci ɗaya, wanda ya kuskure a hukunta shi, domin ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke tunani a madadin kowa.

Ku ba sai an fassara muku wannan ba. Tun ranar 6 ga Fabrairu 2015 da Boko Haram suka auka wa Bosso da Diffa, kun ga abin da ke faruwa idan aka tara samari aka ce musu tambaya laifi ce. An rufe makarantu, an bar gonakin tattasai na bakin kogi, dubban iyalai sun koma zaman rumfa a gefen babbar hanya da sansanin Sayam Forage. Yawancin yaran da aka ja, ba rashin biyayya ya kai su ba. Sun bi, amma sun bi wanda ya hana su hasashen wata rayuwa dabam. Ladabi ga iyaye da malamai wajibi ne, kuma ba ya hana ku cewa, "Baba, me ya sa?"

Abin da ke damuna shi ne kuna zaune kan taskar labarai, kuna jiran na wasu. A wannan kwari na Komadugu aka gina Birnin Gazargamu zamanin Mai Ali Gaji. A nan tsofaffi ke ba da labarin Sau, ƙattin da ake cewa ɗayansu na saɓa giwa a kafaɗa. Tatsuniyoyin Barebari da Koelle ya buga a 1854, daga bakin Ali Eisami ya ji su, mutumin Barno da bauta ta jefa Saliyo. Boubou Hama ya tattara na Nijar cikin littattafai. Umaru Dembo, a Tauraruwa Mai Wutsiya ta 1969, ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya da harshen Hausa.

To ku je wurin kakanninku tun suna da rai, ku ɗauki muryarsu da wayar nan. Ku rubuta da Hausa, da Barbarci, da Fulatanci, da Tubanci, da duk harshen da kuke mafarki da shi. In kun gama kwafe nasu, ku ƙaga naku: me ke zaune ƙarƙashin Komadugu idan ruwa ya janye da rani? Wanda ya rubuta ya karanta wa ƙannensa da dare, in sun ce ƙarshen bai yi ba, ya tambaye su yadda suke so ya kasance.

Wassalam, daga babanku mai ƙaunarku.