Ɗalibin Manhaja, Kada Ka Kwanta Ba Ka Tura Aikinka GitHub Ba

Ni ban yi jami'a ba, amma ƙanina yana aji uku a sashen injiniyan manhaja. Saura kwana biyu ya miƙa aikin zango kwamfutarsa ta mutu, wahalar wata guda ta bi ruwa. Ko a filashi bai ajiye ba.

Git ne maganin wannan. Buɗe ma'aji kyauta a GitHub, ka haɗa shi da aikinka. Kowane dare, kafin caji ya ƙare, rubuta umarni uku: git add . ya tattara abin da ka sauya, git commit ya adana shi a kwamfutarka, git push ya tura shi intanet. Na ukun ake yawan mantawa, alhali shi kaɗai ke fitar da aikin daga na'urar. Data kaɗan yake ci, ta wayarka ma ta isa.