Kacalla a Kogin Haɗejiya: Aikin Inji da Aikin da Ya Rage Mana

Ya ku manoma da masunta da makiyayan ƙasar Haɗejiya.

Ni injiniyan ban-ruwa ne, aikina auna ruwa da duba magudanai a fadamun da suka tashi daga Auyo suka bi ta Kirikasamma har Guri. Duk garin da na sauka, tambayar farko ɗaya ce: "Injiniya, yaushe injin zai iso wajenmu?" Ana nufin injin nan mai tafiya a kan ruwa da ke tuge kacalla. Wanda gonarsa ta shekara cikin ruwa yana da haƙƙin yin wannan tambaya. Sai dai ina so mu san abu guda tun kafin injin ya iso: shi buɗe hanyar ruwa kawai yake yi, riƙe ta a buɗe kuwa aikinmu ne. Wannan aiki ba zai yiwu ba sai mun san yadda ciyawar take rayuwa.

Dattawanmu sun san lokacin da kogin nan yake cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye, har da bazara a taka yashinsa da ƙafa. Wannan cika da ƙafewa shi ya hana kacalla sakat: ambaliya ta wanke laka, rani ya busar da saiwa. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Ana tare ruwan damina, ana sakinsa da rani domin shan birnin Kano da noman rani a Kadawa da kwarin Haɗejiya. Alherin hakan ba ya ɓuya, ko aikin noman rani na Auyo da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a farkon 2023, bayan an gyara shi a ƙarƙashin shirin ban-ruwa na TRIMING, da wannan ruwan ya dogara. Amma ruwa marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa duk shekara, ga kuma ragowar takin zamani da ke gangarowa daga gonaki, babu abin da kacalla take so kamar haka.

Idan ta kafu sai ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, gindin kogi ya taso, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Haka ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru, gonaki suka nutse a can, alhali Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suna neman ruwa, mutanen Gashuwa kuma suna jira. Cikin duhuwar kacalla tsuntsun jan baki yake kwana, ya wayi gari a kan shinkafa da alkama. Nan sauro yake hayayyafa, nan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya yake maƙalewa. Masunci ya rasa inda zai jefa birgi, kwalekwale ya rasa hanya. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A kogin Senegal, bayan gina madatsar Diama a 1986, ruwan gishiri ya daina hawowa daga teku, wannan ciyawa ta mamaye gaɓoɓin Senegal da Muritaniya.

Duk wanda ke bakin ruwa ya yi wannan gwajin. Ka yanki ganyen kacalla ɗaya, ka tsaga shi da wuƙa. Za ka ga cikinsa ƙananan ɗakuna ne a jere tun daga sama har gindi. Ta nan iska take bi ta isa ga saiwar, wata kakkaura da ke rarrafe cikin laka, inda babu iska ko kaɗan. Ganyen nan shi ne hancinta. Ko busasshen kara da ya leƙo saman ruwa yana kai mata iska. Abincinta kuma a cikin saiwar yake ajiye.

Wannan ne ya sa ƙonawa ba ta kashe ta. Wuta tana cin sama, saiwa tana kwance lafiya cikin laka, toka ta zame mata taki. Sara a saman ruwa ma haka yake. Na taɓa tarar da wani dattijo da 'ya'yansa sun wuni suna sara a bakin gonarsu, kututturan duk sun leƙo sama da ruwa kamar taƙi guda. Na ce masa, "Baba, a sa yaran nan su nutsa addar, su sare ta can ƙasa, ruwa ya rufe kututturen." Ya ce, "Ɗana, sara ai sara ne." Na roƙe shi a gwada a gefe ɗaya. Da na sake bi ta wurin, inda aka sare a sama ya yi kore shar, inda aka sare cikin ruwa kuwa tsiro jefi-jefi ne, kututturan sun fara ruɓewa. Abin da masu bincike suka tabbatar ke nan a ƙasashe da dama: a yanke ta ƙarƙashin ruwa, ruwan ya ci gaba da rufe kututturen na makonni, a maimaita sau biyu ko uku duk lokacin da sabon tsiro ya leƙo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ta fara fitar da zangarniya, domin a nan ta kwashe ajiyar saiwarta ta kai sama. Idan aka bari zangarniyar ta nuna ta fashe, kai ɗaya yana watsa iri sama da dubu ɗari, iska ta ɗauka ta zuba a kan danshin laka.

To, ina amfanin injin? Babba ne ƙwarai. Waɗanda gwamnatin Jigawa ta kawo a 'yan shekarun nan motocin haƙa ne da aka ɗora a kan manyan tankunan ƙarfe biyu rufaffu, sarƙa tana zagaye da su, shi ya sa suke tafiya cikin laka da ruwa ba su nutse ba. Dogon hannun yana kai cokalinsa ƙasa ya ɗebo ciyawa da saiwa da laka gaba ɗaya. Abin da gayyar gari guda za ta yi makonni a kai, shi cikin ɗan lokaci yake yi, kuma yana shiga zurfin da mutum ba zai iya tsayawa ba. Amma inji yana shan man dizil, yana lalacewa, kayan gyaransa daga nesa suke zuwa, tsawon kogin da rassansa kuma ya fi ƙarfin 'yan injuna kaɗan. Kafin ya zagayo garinku karo na biyu, iri ya tsiro, guntayen saiwa sun farfaɗo. Akwai kuma kuskuren da nake yawan gani: a tara lakar da aka ɗebo dab da bakin ruwa, ruwan sama na farko ya mayar da ita ciki da saiwarta. Kamata ya yi a ja ta nesa, ta sha rana ta bushe, sannan a yi jinga da ita.

Wani cigaban da ya sauƙaƙa mana aiki shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Taurarin Sentinel-2 na Turai suna ɗaukar hoton wuri guda kusan duk kwana biyar, kowa kuma yana iya saukewa kyauta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da daji ya bushe, kacalla tana fitowa fili a hoton. Idan muka jera na bana da na bara, sai mu ga inda ta ci gaba da inda hanya ta toshe. Jirgi marar matuƙi kuma yana nuna mana wurin da kwalekwale ba ya shiga. Da wannan ake gane maƙurar da idan aka buɗe ta garuruwa da yawa za su huta, maimakon a tura inji inda aka fi ɗaga murya. Duk da haka hoto ba ya faɗin zurfin ruwa ko tsohuwar hanyar da kogi ya bari. Wannan sai sarkin ruwa da tsofaffin masunta, shi ya sa ba na fara awo sai na zauna da su.

Binciken da ya fi ba ni fata shi ne na mayar da kacalla abin amfani. A ƙarƙashin shirin TRIMING, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta yi aiki da masana daga Jami'ar Maryland ta Amurka da wata jami'ar fasaha ta birnin Madrid a Sifen, kan fitar da gas ɗin girki da abincin dabbobi daga wannan ciyawa. Gas ɗin yana samuwa ne idan aka daddatsa ta aka rufe a tanki babu iska, ƙwayoyin halitta irin na tumbin shanu suka narkar da ita. Abincin dabbobi kuwa, ana yanka ta tana ɗanya, a datsa, a danne ta a rufe ta yi tsami, a ajiye don rani. A Muritaniya ana yin gawayin girki da ita, a Senegal ana haɗa ta da ƙasa a yi tubali da rufin ɗaki mai rage zafi. Waɗannan hanyoyi suna buƙatar jari da kasuwa kafin su zama sana'a a wajenmu. Amma ranar da damin kacalla ya yi kuɗi a kasuwar Haɗejiya, samari za su riƙa yankanta ba tare da an yi shela ba.

Kafin wannan rana, ga abin da ke hannunmu. Duk garin da inji ya yashe masa hanya, bulama da ƙungiyar manoma su raba gaɓar unguwa-unguwa, a sa ranar gayya a kai a kai, a tuge sabon tsiro tun yana ƙarami. A yi sara cikin ruwa, a kwashe abin da aka sare a fitar tudu. A daina fasa gaɓa ko tare ruwa da buhunan yashi ba tare da shawara ba, domin kowace ɓaraka tana haifar da sabon kududdufi, ta kuma hana na ƙasa ruwa. Masu shiga ruwa su sa takalmin roba, wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, tsargiya tana da magani.

Ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe, roƙona shi ne a duba tsarin sakin ruwa daga Tiga da Calawa. A samar da lokacin da wasu rassa za su ƙafe saiwa ta bushe, da lokacin da za a saki ruwa mai ƙarfi ya wanke laka, a kuma sanar da mutanen ƙasa tun da wuri. A ware kuɗin mai da gyara tare da kuɗin sayen inji, a koya wa 'ya'yanmu na kwalejojin fasaha tuƙa shi da gyara shi. Ruwan da ya baro Tiga yana cikin wanda yake isa Gashuwa, saboda haka garin da ya gyara gaɓarsa ya taimaki na gabansa, wanda ya yi sakaci kuma ya jawo wa na bayansa ambaliya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gonakinmu da garuruwanmu.